'Yanci da Gona: Wanda Ya Fanshi Kansa a Ƙasar Gumel, Kafin Zuwan Turawa da Bayansa

  

   

Maganar da zan yi yau ta shafi bauta. Na san al'adarmu, idan aka ambaci bauta a zaure sai wani dattijo ya yi gyaran murya a sauya zance. Ina roƙon a yi mini haƙuri a saurara, domin ba tonon asalin kowa ya kawo ni ba. Mutum guda nake so mu duba: wanda ya taɓa zama bawa, ya sami 'yancinsa tun kafin Turawa su iso, ya sari daji ya yi gonar kansa. Yaya ya rayu a lokacin da ake sayar da irinsa a kasuwa, kuma me ya same shi da gonarsa bayan an ce an hana bauta?

Masarautar Gumel ta kafu wajen 1750 a hannun Ɗan Juma da jama'arsa Mangawa. Ta yi zamanta a ƙarƙashin Borno, ba ta taɓa shiga daular Sakkwato ba. A tsakiyar ƙarni na 19 fada ta taso daga Tumbi, wadda yanzu take cikin Nijar, ta zauna a nan Gumel. Zaman kan iyaka ya kawo ciniki. Baturen nan Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya ya da zango a Gumel cikin watan Maris na 1851, ya tarar da kasuwa tana ci, musamman cinikin kanwa. Amma iyakar da ta kawo fatake ita ta kawo mahara. Ga Haɗeja ta zamanin Sarki Buhari, ga Damagaram ta zamanin Tanimu, ga Kano. Rikici da Haɗeja bai lafa ba sai wajen 1872, kuma hare-haren Damagaram a ƙarshen ƙarnin sun rage wa ƙasar nan mutane ƙwarai.

Saboda haka a wancan zamani ƙasa ba ta da tsada. Daji ga shi nan iya ganinka. Abin da ke da tsada shi ne hannun da zai riƙe hauya, da ganuwar da za a fake a cikinta, da rijiya, wadda kun san zurfinta a wannan yanki. Mai arziki shi ne mai mutane. Wannan ya sa aka kama mutum aka bar daji.

Malamanmu da suka karanta Risala da Muhtasar sun san matsayin bawa a fiƙihun Malikiyya. Yana iya mallakar dukiya, amma ubangidansa yana da ikon karɓe ta. Kuma ba a karɓar shaidarsa a gaban alƙali. Ku riƙe waɗannan biyun, dukiya da shaida, don a kansu maganata take tafiya. Shari'ar ta kuma buɗe ƙofofin fita: 'yantawa don neman lada, 'yantawa don kaffara, wasiyyar cewa bawa ya zama ɗa bayan mutuwar ubangidansa, da yarjejeniyar biyan fansa kaɗan-kaɗan. Ƙwarƙwarar da ta haihu da ubangidanta ba a sayar da ita, ɗanta kuwa ɗa ne.

Wanda ya bi ta ƙofar fansa, ga yadda yininsa yake. Da hantsi ya fita gandun ubangidansa tare da sauran bayin rinji, wato ƙauyen bayi. A kai musu abinci gona, su yi ta noma har azahar. Daga nan sauran yinin nasa ne. A gajiye yake ƙarasawa gayaunarsa, 'yar gonar da aka yanka masa, ya duƙa har rana ta yi ja. Ya shuka gero, ya soka wake a tsakani. Da rani ya yi itace, ya tufka igiya, ya yi dako a kasuwa, matarsa ta yi kaɗi. Wuri ɗaya, wuri biyu, yana tarawa yana ɓoyewa. In ya yi sa'ar ubangida, sai a sa masa murgu: ya tafi ya nemi na kansa, ya riƙa kawo wani adadi da aka yanka masa. Murgun nan ba ya rage kuɗin fansa, haya ce ta jikinsa yake biya. Sai abin da ya saura bayan murgu da ci da sha ne zai tara don fansar kai. Ran da ya cika kuɗin, a tara shaidu, ubangida ya furta a gabansu cewa ya 'yanta shi. A wasu wuraren har rago ake yankawa a raɗa masa sabon suna.

Abu na farko da yake nema bayan nan shi ne gona. Ya je wurin dagaci ya yi gaisuwa, a nuna masa daji. Fiƙihu ya san wannan, raya matacciyar ƙasa, har Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi littafi a kan mas'alar, Ta'alimur Radi. Ya yi sassabe, ya ƙone, ya tumɓuke kututture, ya dasa gamba a kan iyaka. Kaka ta yi ya fitar da zakka, dami ɗaya cikin goma, ya biya kuɗin ƙasa kamar kowane talaka. Rumbunsa nasa ne, ba mai buɗe shi sai da izininsa. Yanzu ana karɓar shaidarsa, 'ya'yansa za su gaje shi. Igiya ɗaya ta rage tsakaninsa da tsohon ubangidansa, wato wala'i: zai riƙa kai gaisuwar Sallah, in kuma ya mutu bai bar magaji ba, tsohon ubangidan ne zai ci gadonsa. Kuma gaskiya ce mai ɗaci cewa wasu daga cikin irin waɗannan, da suka sami wadata, su ma bayi suka saya, don a lokacin ba wata hanyar faɗaɗa gona da ta fi wannan sauƙi.

Sai dai 'yancin nan nasa a bakin mutane yake zaune. Waɗanda suka san an 'yanta shi su ne shaidun da suka halarta, a garin da abin ya faru. Mahayin da ya faɗo wa gona da sassafe ba ya tambayar wane ne ɗa, wane ne bawa. In aka ɗaure shi aka kai kasuwar Damagaram ko Kukawa, wa zai tsaya masa? Haifaffen ɗa ma ana kama shi, amma shi yana da dangin da za su bi sawu da kuɗin fansa. 'Yantacce sau da yawa ba shi da kowa sai gidan da ya fito. Shi ya sa ba ya iya nisa da ganuwa, ba ya iya nisa da tsohon ubangidansa, ko da dajin da ya fi albarka yana can gaba.

Akwai wani yaro da ya ratsa ta ƙasar nan wanda tarihi ya riƙe sunansa. Dorugu Bahaushe ne daga wani ƙauye kusa da Kance a ƙasar Damagaram, ɗan manomi. An kama shi yana ƙarami, aka yi ta sayar da shi har ya kai Kukawa. A can abokin tafiyar Barth, Overweg, ya biya aka 'yanta shi. Da Overweg ya mutu a 1852 sai ya bi Barth har Tambutu, suka dawo ta Kano suka nufi Borno a ƙarshen 1854, Barth ya wuce da shi Ingila a 1855. A can ya zauna da wani malamin mishan mai suna Schön, ya ba shi labarin rayuwarsa da Hausa, aka buga a cikin littafin Magana Hausa. Daga baya ya dawo, ya ƙare rayuwarsa a Kano yana koyarwa a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa, ya rasu a 1912. Dorugu ya sami 'yanci da wuri, ya ga duniya, ya yi ilimi. Amma harin da ya raba shi da iyayensa ya raba shi da gonar gadonsa, kuma abincinsa ya zama a hidimar wasu yake.

Bari in ɗauke ku zuwa nesa kaɗan, don a shekarar da Barth yake zaga kasuwar Gumel wani abu ya faru a Amurka da ya dace da zancenmu. A garin Natchez na jihar Misisipi akwai wani mutum, William Johnson, wanda aka haifa bawa a 1809 aka 'yanta shi a 1820. Wanzami ne, ya buɗe shagunan aski, ya riƙa ba da rance har ga fararen fata, ya sayi ɗaruruwan eka na gona da daji. Shi ma ya mallaki bayi. Ya riƙa rubuta abin da ya faru kullum daga 1835 har mutuwarsa. Rikicin iyaka ya haɗa shi da maƙwabcinsa Baylor Winn, aka auna fili, aka ga gaskiya tana wajen Johnson. A watan Yuni na 1851 aka yi masa kwanton ɓauna aka harbe shi yana dawowa daga gona, kuma kafin ya cika ya ambaci sunan Winn. Akwai waɗanda suka ga abin da idonsu, har da ɗansa, amma dukkansu baƙar fata ne, dokar jihar kuwa ta hana baƙi ba da shaida a kan fari. Winn ya ce shi fari ne. Aka yi shekara biyu ana ja, aka sake shi. Mutum yana da takardar 'yanci, yana da takardar fili, yana da kuɗi, amma rashin shaidar da kotu za ta karɓa ya sa jininsa ya tafi a banza. A nan shari'armu ta fi tasu adalci nesa ba kusa ba, don ba ta duba launin fata wajen shaida, kuma 'yantacce in adali ne ana karɓar maganarsa.

Mu dawo gida. Turawan Ingila sun kafa mulkinsu a Arewa ranar 1 ga Janairu 1900. Kano ta faɗi a watan Fabrairu na 1903, a shekarar kuma Sarkin Gumel Ahmadu ya yi mubaya'a ba tare da yaƙi ba. Haɗeja ta ja daga har 1906. A ƙetaren Maigatari, Faransa ta ci Damagaram a 1899, ta kuma fitar da tata dokar hana bauta a 1905.

Mutane da yawa suna zaton ran da Bature ya zo ran nan bauta ta ƙare. Ba haka aka yi ba. Dokar Gwamna Lugga ta 1901 ta hana kai hari da cinikin bayi, ta ce duk yaron da aka haifa daga 1 ga Afrilu 1901 ɗa ne. Waɗanda suke cikin bauta kuwa aka bar su a inda suke. Mai son fita ya je gaban alƙali a yanka masa kuɗin fansa, ya nemo ya biya. Lugga yana tsoron in bayi suka watse noma zai tsaya, haraji ya faɗi, masu sarautar da yake so ya yi mulki da su su juya masa baya. Makamin da ya riƙe shi ne gona: aka umarci masu ƙasa kada su ba bawan da ya gudu wurin noma. Masana tarihi biyu, Lovejoy da Hogendorn, sun ƙiyasta cewa bayin daular Sakkwato a farkon mulkin Turawa sun kai tsakanin miliyan 1 da miliyan 2.5, kuma fiye da 100,000 sun sami 'yanci ta hannun kotuna a shekarun da suka biyo baya. Ƙiyasin yawan bayin bai haɗa da Gumel ba, amma dokar ɗaya ce a duk lardin Kano. Ba a soke bauta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936.

Duk da haka mutane sun gudu, da yawa kuwa. Baba ta Karo, wadda ta ba Mary Smith labarin rayuwarta a Giwa ta ƙasar Zazzau, aka buga a 1954, ta faɗi yadda bayin rinjin gidansu suka watse bayan zuwan Turawa, har masu gida suka koma noma da hannunsu.

To mutuminmu fa, wanda ya riga ya fanshi kansa? Babban abin da ya samu shi ne barci. Hari ya ƙare. Yanzu yana iya ɗaukar iyalinsa ya yi nisa da ganuwa, ya sari sabon daji, ya haƙa rijiya, wasu su biyo shi har wurin ya zama ƙauye. Wannan bazuwa ta faru ko'ina a Arewa cikin shekarun farko na ƙarni na 20. Kuma yana gaba da waɗanda aka 'yanta daga baya da taki mai yawa, don shi gonarsa an san shi ya sare ta.

Wanda ya zauna a rinji har doka ta 'yanta shi, nasa lamarin ya fi wuya. Gayaunar da yake nomawa tun yana saurayi tana cikin filin ubangidansa. Ya ci gaba da nomanta, 'ya'yansa suka ci gaba. Muddin tsofaffin suna raye ba a samun matsala, ana kai ɗan dami da kaka, ana zumunci. Ran da suka kwanta dama, jikan wannan ya ce kyauta ce aka ba kakansa, jikan wancan ya ce aro ne. Iyayenmu dagatai sun san wannan shari'ar. A fita gona da rana tsaka, a kira maƙwabtan gabas da yamma, a nemi tsohon da ya fi kowa shekaru a riƙo hannunsa. Ya nuna aduwar da aka yi iyaka da ita, ya ce daga nan zuwa waccan kuka. Wani ya ce ai gambar an matsar da ita shekarar da aka yi fara. In abin ya ƙi, a tafi gaban alƙali, a kai ga rantsuwa. Wanda yake da dangi da yawa a garin shi ke da shaidu da yawa, jikan baƙo kuwa shaidunsa kaɗan ne.

Sannan ga sabon nauyi da ya hau kan kowa. Haraji ya koma na kuɗin Bature, dole a nemo su. Jirgin ƙasa ya iso Kano, cinikin gyaɗa ya buɗe a 1912, layin dogo ya miƙa zuwa Nguru a 1930 ya ratsa ta Gagarawa. Gyaɗa ta ba ƙaramin manomi kuɗi a hannu, ta taimaki bayi da yawa suka biya fansa. Ita ce kuma ta sa ƙasa ta fara daraja. Yunwar 1913 zuwa 1914, wadda ta fi tsanani a nan arewacin lardin Kano, ta nuna wa kowa bambancin mai tushe da marar tushe. Mai dangi ya sami wanda zai ranta masa hatsi. Marar dangi ya jinginar da gona, ya tafi cin rani, wani bai dawo ya fanshe ta ba, 'ya'yansa suka tashi 'yan ƙodago.

A Amurka ma haka ta kasance da wani salo. A watan Janairu na 1865 Janar Sherman ya ba da umarnin a yanka wa iyalan da aka 'yanta eka 40 kowanne a gaɓar tekun kudu. Kafin shekarar ta ƙare Shugaba Andrew Johnson ya mayar wa tsofaffin masu bayi filayen. Duk da haka baƙaƙen fata suka yi ta tarawa suna saye, har zuwa 1910 suna da wajen eka miliyan 15. Mafi yawan wannan ƙasa ta fita daga hannunsu a ƙarnin da ya biyo baya. Akwai zalunci da tsoratarwa a ciki, akwai hana su rance. Akwai kuma abin da ya kamata ya tsorata mu: mutum ya mutu ba wasiyya, ba a raba gado ba, jikoki su yi yawa, wani daga waje ya sayi kason mutum ɗaya ya sa kotu ta yi gwanjon gonar duka.

A wajenmu doka ta bi wata hanya. Tun 1910 Turawa suka ce ƙasar Arewa duka tana ƙarƙashin ikon Gwamna, yana riƙe da ita don amfanin 'yan ƙasa. Dokar 1962 ta gwamnatin Jihar Arewa ta ɗora a kan haka. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamnanta. Abin da manomi yake da shi a idon doka haƙƙin zama ne da amfani. Ƙaramar hukuma ce ke ba da shaidar wannan haƙƙi a karkara, gwamna kuma yana iya soke shi in an ce don amfanin jama'a ne, a biya diyyar abin da ke kan ƙasar, amfanin gona da itatuwa da gini. Kun ga abin da wannan yake nufi a aikace a shekarun 2016 da 2017, lokacin da aka ware wajen hekta 12,000 a yankin Gagarawa da maƙwabtanta, har da ɓangaren Sule Tankarkar, don wani kamfani ya noma rake, manoma da yawa suka fito suka ce ba su yarda ba. Ba na ƙin masana'anta, yankinmu yana bukatar aikin yi. Amma ra'ayina a fili yake: ba daidai ba ne a auna gonar da kakan mutum ya sara da gatari a biya shi kuɗin gero na shekara ɗaya ko biyu. Ranar da aka zo awo, jikan mai rinji da jikan bawan rinji layi ɗaya suka tsaya, kuma abin da aka tambaye su ɗaya ne, ina shaidarku.

Akwai saura guda da ba zan tsallake ba. Shekaru kusan 90 bayan dokar 1936, har yanzu akwai gidajen da in an zo neman aure sai a koma gefe a yi raɗa a kan asalin yaro, alhali kakansa ya biya fansar kansa da guminsa, ya ciyar da garin da hatsinsa. Wannan ba shi da madogara a addini. Malamai, ku ne za ku faɗe shi a kan mumbari, don daga bakinku za a fi ji.

Iyayenmu dagatai da masu unguwanni, ranku ya daɗe, ina roƙonku kowace gona da aka ba da aro ko jingina ko kyauta a rubuta, da sunayen shaidu da maƙwabtan kusurwa huɗu, a ajiye kwafi a wurin hakimi. 'Yan'uwa manoma, in mahaifi ya rasu a raba gado da wuri a gaban alƙali, a fitar wa mata kasonsu a nuna musu iyakarsa, a karɓi takardar kotu, sannan a nemi ta ƙaramar hukuma. Masu noman riɗi da zoɓo da kuke kai kaya Maigatari ran Alhamis, ku cire kuɗin takardar nan daga cinikin kaka ɗaya. Ku kuma ɗalibai, kowannenku yana da waya a aljihu. Ku je wurin tsofaffin garinku wannan ranin, ku tambaye su wa ya sari kowace gona, wa ya haƙa rijiyar farko, ina iyaka ta tsaya, ku naɗi muryarsu da izininsu, ku rubuta, ku kai wa dagaci kwafi.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.